Makin Da Bai San Zafin Haɗejiya Ba

Matasanmu na Kafin Hausa kan sayar da buhunan shinkafa, su nufi Kano sayen kwamfuta ta hannu don buɗe shagon gem. Mai kaya ya nuna musu 5.9 a allon Windows 7, shi ke nan ciniki ya faɗa. Mu kam ba mu yarda ba.

Makin nan, Windows Experience Index, da Vista ya zo, kuma Microsoft da kanta ta cire shi daga allo a Windows 8.1, a 2013. Sassa biyar yake aunawa, ya ɗauki mafi rauni. Faifan ajiya mai juyawa kan tsayar da shi a 5.9, ko katin hoton gwani ne ko na tsaka-tsaki. Gwajin kuma na 'yan mintuna ne. Bai san watan Afrilu a nan ba, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ƙura ta toshe fanka, injin ya rage gudu don kada ya ƙone.

Gani ya kori ji. A saka PES, a buga awa guda, a taɓa ƙarƙashin kwamfutar, sannan a ƙirga kuɗi. Mai kayan da ya ƙi wannan, ya riga ya ba mu amsa.