Zumunci a ƙafa yake, ƙyanda ma haka

A Roni mace za ta iya yafe miki bashi, amma da wuya ta yafe miki rashin zuwa sunan ɗanta. Ko kin ce goyonki ya kwana da zazzaɓi, yana tari, idonsa ya kaɗa ya yi ja, amsar a bakinta take: "Ai da kin leƙo ko barka ki yi ki juya, zumunci a ƙafa yake." Gudun wannan gori ke sa a saɓa yaro mara lafiya, a hau babur daga Amaryawa ko Zugai, a kutsa ɗakin mai jego. Mutane na kiran wannan kara. Ni kuwa na ce kara ce da ake yi da ran 'ya'yan wasu, kuma bai kamata a ci gaba da yaba ta ba.

Ƙyanda, wadda wasu ke ce wa baƙon dauro, ta iska take bi. Mai ita ya yi tari ya fita, ƙwayar cutar na iya zama a ɗakin har awa biyu tana jiran na gaba. Cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, wajen tara za su kamu. Yana kuma yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su feso, wato daidai lokacin da uwarsa ke cewa "mura ce kawai, ai babu abin da ya fito masa."

To dubi ɗakin da ake kai shi. An rufe taga an saki labule kada iska ta bugi jariri, turaren wuta na tashi, mata sun cika maƙil, rabinsu da goyo. Allurar ƙyanda ta farko sai yaro ya kai wata 9, ta biyu sai wata 15. Duk goyon da bai kai wata 9 ba, abin da ya samo daga jinin uwarsa kaɗai ke kare shi, shi ma raguwa yake yi wata bayan wata. Waɗannan ne ake zaunar da mai tari a tsakiyarsu, don kada a ce uwarsa ta yi girman kai.

Na san inda tsamin maganar ya samo asali. A watan Afrilu na 2020 gwamnatin Gwamna Badaru ta kulle Kazaure saboda korona, ciniki ya tsaya, masu neman na yau suka ji jiki. Tun daga nan, da ka ce a yi hattara sai a yi maka dariya: "Korona ce ta dawo?" Haushin kulle yana da dalili. Amma babu wanda ya ce a rufe kasuwa ko a fasa suna, yaro ɗaya ake cewa ya zauna a gida har ya warke.

Masu kawo addini su ma su duba. Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa zuwa masallaci don kada ya cutar da jama'a. In wari ya isa uzurin barin jam'i, ina ga cutar da ke makantar da yaro, ta sauka masa a huhu, wani lokaci ta kashe shi?

Maza kuma kada su noƙe. Su nasu taron a ƙofar gida suke yi da sassafe, iska na kaɗawa, a yi addu'a a raba goro a watse. Mata aka bari yini guda a ɗakin da ko numfashi da ƙyar. Maigidan da ya iya sayen rago zai iya kafa rumfa a tsakar gida ya shimfiɗa tabarmi. Mai yaro mara lafiya ta aika da sabulunta da zaninta, ta yi barka ta waya, ta nufi asibiti. Gorin kuwa daga bakin manya yake fitowa, don haka uwar miji ce za ta fara cewa: "Zauna ki kula da shi, ni zan isar miki."