Ɗan Ƙwallo Ma'aikaci Ne, Ba Bawa Ba

Da farko ina yi wa Malam Edita godiya da ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, don in faɗi albarkacin bakina game da wata gardama wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ɗakin kwananmu. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kallo ran Asabar da yamma, in an ba mu izinin kunna talabijin, ya san yadda abin yake. Tun kafin alƙalin wasa ya busa usur an riga an rabu gida-gida, wannan ɗan Arsenal, wancan ɗan Barcelona, ga 'yan Pillars can gefe suna cewa su na gida suka sani. Ba wannan ne ya dame ni ba, don gardamar ƙwallo gishirin zaman makaranta ce. Abin da ya dame ni wata kalma ce wadda ba ta da wuyar fita daga bakin 'yan'uwana ɗalibai, wato "maci amana". Da zarar an ji ɗan wasa ya ƙi sabunta kwantiraginsa, ko ya ce zai koma wata ƙungiya, shi ke nan ya zama maci amana, butulu, mayen kuɗi. Ni kuwa a ganina ba mu yi wa mutanen nan adalci.

Ba mu muka fara wannan hali ba. A shekarar 2000 Luis Figo ya bar Barcelona ya koma Real Madrid, babbar kishiyarta. Da ya dawo filin Barcelona a 2002 ya je zai yi bugun kwana, sai 'yan kallo suka yi ta jifansa da kwalabe, har da kan alade aka jefo masa. Da wani abokina ya ba da wannan labari a ɗaki sai aka fashe da dariya, ana cewa maganinsa ke nan. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Bari mu tsaya mu tambayi kanmu, mene ne kwantiragi? Alkawari ne a rubuce tsakanin ɗan wasa da ƙungiya, cewa zai yi mata wasa shekara kaza, ita kuma za ta biya shi kaza. In ka ɗauki magini ya gina maka ɗaki uku, ya gina, ka biya shi, kuka rabu lafiya, shin kana da ikon hana shi zuwa gidan maƙwabcinka ya yi masa aiki? In ya je, ya ci amanarka? Ko kusa. To amma haka aka yi ta yi wa 'yan ƙwallo shekara da shekaru, har sai da wani bawan Allah ya sadaukar da sana'arsa tukuna aka daina.

Sunansa Jean-Marc Bosman, mutumin ƙasar Beljiyam. Ba wani shahararren ɗan wasa ba ne, na tabbata da yawa daga cikin masu ihu a ɗakin kallo ba su taɓa jin sunansa ba. A shekarar 1990 kwantiraginsa da ƙungiyar RFC Liège ya ƙare. Ƙungiyar ta ce in yana so ya ci gaba da zama, to za ta zaftare masa albashi ya koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake karɓa da. Ya ce bai yarda ba. Wata ƙungiya a Faransa mai suna Dunkerque ta ce tana son sa, amma a dokar wancan zamani ko da kwantiragin mutum ya ƙare, sai an biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗi kafin ta sake shi. Ciniki ya watse, aka bar Bosman a tsakiya, ba ga tsuntsu ba ga tarko. Sai ya kai ƙara. Aka yi ta shari'a har shekara biyar, ran 15 ga Disamba 1995 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da ikon komawa wata ƙungiya a wata ƙasa ta Tarayyar ba tare da an biya ko kwabo ba. Ya ci shari'a, amma shekarunsa na ƙarfi sun tafi a zaryar kotu. Waɗanda suka zo bayansa su suka kwashi miliyoyi, shi kuwa ya tsira da suna kawai. Da na karanta labarinsa a laburare na daɗe ina tunani: shin a shekaru biyar ɗin nan magoya baya nawa ne suka tsaya a ƙofar fili suna ce wa shugabannin ƙungiyar maciya amana?

Wannan shi ne ainihin ƙorafina. Mu 'yan kallo ido ɗaya gare mu. In ɗan wasa ya ce zai tafi, maci amana ne. In ƙungiya ta ce masa ya tafi don ya fara tsufa ko ya ji ciwo, sai mu ce ai gara da aka rabu da shi, dama ya zama kaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne yadda ake mai da zaɓen 'yan wasa bulala. Sau nawa na ji ana cewa a ɗaki, "Ai in ya ƙi sa hannu a zaunar da shi a benci ya ruɓe!" Kuma ƙungiyoyi suna yin hakan. A 2023 da Kylian Mbappé ya ƙi tsawaita zamansa a Paris Saint-Germain, sai suka tafi rangadi Japan suka bar shi a gida. Ga kuma namu, Victor Osimhen. A 2023 shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Italiya, ƙwallo 26, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, kuma a shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Mutanen garin kamar su haɗiye shi don ƙauna. Shekara guda bayan haka, da maganar sayar da shi ta lalace a ƙarshen watan Agusta 2024, sai aka cire sunansa daga jerin waɗanda za su buga wa ƙungiyar gasa, ala tilas ya tafi zaman aro Galatasaray ta ƙasar Turkiyya. Can ma ya fi kowa cin ƙwallo, suka ɗauki kofi, har a 2025 suka saye shi gaba ɗaya a kan Yuro miliyan 75. To, jama'a, ƙafarsa ce ta lalace da aka cire sunansa? A'a. Rigimar ofis ce aka kawo cikin fili. Aikin koci shi ne ya duba wanda ya fi ƙoƙari a wurin atisaye ya sa shi. Maganar takarda da kuɗi a bar ta a ofis, tsakanin ɗan wasa da wakilinsa da shugabanni.

Na san wani zai ce, to mene ne na tausaya wa masu ɗaukar miliyoyi a mako? Gaskiya ne, Osimhen ba zai kwana da yunwa ba. Amma dokar da ta shafi giwa ita ta shafi ɓera, kuma ɓerayen sun fi yawa. Ni ganau ne a wannan. Ɗan baffana, wanda nake ce wa Yaya, ya yi wa wata ƙaramar ƙungiya wasa a jiharmu. Ranar da ya sa hannu a takarda har walima aka yi a gida. Ba a ba shi kwafen takardar ba, shi ma murna ba ta bar shi ya tambaya ba. Kuɗin sa hannu aka ba shi rabi, aka ce sauran sai nan gaba. Albashi kuwa in an biya wata ɗaya sai a tsallake biyu. A kaka ta biyu ya gurɗe a gwiwa ana tsakiyar wasa, Baffa ne ya sayar da tumaki biyu aka yi masa magani. Da ya warke wata ƙungiya ta neme shi, ya je karɓar takardar sallama, sai ga mutanen da ba su leƙo shi ba ko sau ɗaya yana kwance suna cewa ai ɗan wasansu ne, sai an biya su. Waccan ƙungiya ta janye. Abin da ya fi yi masa zafi, in ji shi, ba kuɗin ba ne. Samarin unguwa ne, waɗanda da suke ɗaga shi sama in ya ci ƙwallo, suka koma cewa ya ga kuɗi zai gudu. Yanzu yana gyaran waya a kasuwa, kuma in ana hirar ƙwallo a rumfarsa ba ya tanka wa kowa.

Kada a ce na ɗaure wa ɗan wasa gindi ya yi abin da ya ga dama. Wanda ya sa hannu a kan shekara huɗu, bayan shekara ɗaya ya ƙi zuwa atisaye don a gaji a sayar da shi, wannan ya saɓa alkawari, kuma in aka ci shi tara daidai ne. Na kuma yarda masu goyon baya suna da tasu hujja. Ɗan wasa baƙo ne, yau yana nan gobe ya wuce, amma mai goyon baya yana nan daram, shi da ɗansa da jikansa, shi ke biyan kuɗin ƙofa, shi rana ke duka. Haka nan hukuncin Bosman ya fi yi wa manyan ƙungiyoyi rana, don ƙaramar ƙungiya takan raini yaro, in ya nuna sai mai kuɗi ya zo ya tsinke. Saboda haka ne hukumar FIFA ta sa dokar biyan ladan horo, ta kuma ce in an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Ina ma a ce a kan wannan muke ɗaga murya, mu tambaya ko kuɗin yana isowa ga masu raino a garuruwanmu, maimakon zagin yaron da ya tafi neman na kansa.

Kuma in an lura, zagin namu ma zaɓe yake yi. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar Nijeriya. A 2010 ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, har sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara yi musu wasa, don dokar FIFA ta hana a tsallaka da yaro wata ƙasa kafin wannan shekaru, in ban da wasu 'yan dalilai. Ban taɓa jin wani ɗan Pillars a ɗakinmu ya kira shi maci amana ba, sai alfahari suke yi da shi, da ya dawo ƙungiyar a 2021 kuwa murna ba a magana. Ashe ke nan mun san neman ci gaba ba laifi ba ne. Sai in mutum ya bar ƙungiyarmu ya koma wadda muke jin haushi muke mantawa.

Yanzu bari in dawo gida, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Muna zagin ƙungiyoyin Turai, alhali irin abin nan yana faruwa a filinmu na bayan ɗakin cin abinci. A gasar gida-gida ta bana akwai wani yaro ɗan aji biyu a gidanmu, ba zan faɗi sunansa ba, wanda duk mai ido ya san babu kamarsa a gefen hagu. Wasa biyu ya yi mana, muka ci duka biyun. A na uku sai muka gan shi a bakin fili yana riƙe da bokitin ruwa. Da na bincika, ashe wani babba daga cikin masu zaɓen 'yan wasa ne ya ba shi wanki ran Juma'a, yaron ya ce yana da jarrabawa ran Litinin, a yi masa haƙuri. Shi ke nan laifinsa. Aka sa abokin babban a wurinsa, aka ba mu biyu da nema. Da daddare kuma, mutanen nan da suka zaunar da shi su ne suka fi kowa ɗaga murya cewa Napoli ta zalunci Osimhen. Da yaron ya ce shekara mai zuwa zai roƙi a sauya masa gida, kun san abin da suka kira shi? Kalmar nan dai da na fara da ita.

Don haka ina roƙon malamin wasanni, cikin ladabi, da ya riƙa halartar atisayen kowane gida ko da sau ɗaya ne a mako, kuma kada kyaftin ya liƙa sunayen 'yan wasa a allo sai Malam ya gani ya sa hannu. In an cire wanda ya buga wasan baya, a rubuta dalili a gefen sunansa, ciwo ne ko rashin zuwa atisaye, kowa ya karanta. Kyaftin ɗin da ke da dalili na gaskiya ba zai ji nauyin rubuta shi ba. Sauran wasa biyu suka rage mana a gasar, kuma har ranar da na miƙa wannan takarda ga Malam Edita sunan yaron bai koma allo ba.