Tabarau, Fitila da Waya: Abin Ɗauka da Abin Tsarewa

Wannan magana ce zuwa ga malamai da fatake a kan ƙananan kayan zamani masu faranta rai.

Garin Dayi mararraba ce. Hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo nan take haɗuwa da wadda ta fito daga Funtuwa ta Malumfashi, saboda haka sabon abu ba ya daɗewa a kasuwannin Kano bai iso ba. Ta nan akwatin rediyo ya shigo. BBC ta soma Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, har aka kai mutum na zaune a zaurensa yana sauraron tafsirin azumi. Wayar hannu kuwa ta bazu a Nijeriya daga 2001.

Lalle a cikin waɗannan kaya akwai ni'ima, kuma ƙin gode mata butulci ne. Dattijon da idonsa ya raunana har ya jingine Risala, ran da ya sa tabarau ya sake ganin wasulla rangaɗau, murnarsa ba ta misaltuwa. Almajirin da ke tilawa a hasken wutar kara, hayaƙi na cin idonsa, yanzu ga fitila mai shan rana, ba mai, ba lagwani. Falke kuma, kafin ya ɗora buhun masara a mota, sai ya buga waya Dawanau ya ji yadda kasuwa ta kwana.

Amma akwai abin lura. Karatun tsangayun ƙasar Hausa bisa ruwayar Warshu yake, da rubutu irin na Magaribi. Mafi yawan musahafan da ke cikin waya kuwa na Hafsu ne. Dukansu ruwayoyi ne ingantattu, sai dai yaron da ke wanke allo da ɗaya, yana duba ɗayar ba jagora, zai cakuɗa su bai sani ba. Kuma waya tana karantawa, amma ba ta gyara wa mai karatu harshe. Wannan sai an durƙusa gaban malami.

Abu na biyu shi ne alƙalami. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba da tawada, ya zuba waraƙa a gafaka, hannunsa shi ne shaidar haddarsa. In masu saye suka ƙare, masu rubutu za su ƙare, kuma abin da ya bar hannun mutanen zamani guda da wuya ya komo.

To, shawara a nan ita ce: malami ya karɓi tabarau da fitila da waya, amma ya tabbata abin da almajirinsa ke saurare Warshu ne, gama akwai shi ga wanda ya nema. Attajirin da ya iya sayen waya mai tsada, ya ware wani abu ya sayi musahafi rubutun hannu, ko ya ɗauke wa marubuci kuɗin takarda. Don an sami sabuwar rijiya ba a cike tsohuwa.

Allah Ya sa a dace, amin. Tamat.