Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Ƴan uwa ƴan kasuwa, kowa ya san rumfunan nan da yara ke cika suna buga ƙwallo a PlayStation, wasu cikinmu ma su ke sayar da na'urorin. Amma ko mun taɓa tambayar su wa ke ƙera waɗannan wasanni, kuma da wane irin gumi?

A Amurka, in lokacin fitar da sabon wasa ya gabato, akan tsare ma'aikata a ofis dare da rana har da ranakun hutu, sau da yawa ba tare da kuɗin ƙarin lokaci ba. A 2004 ma'aikata suka kai ƙarar Electronic Arts, kamfanin da ya yi suna da wasan FIFA. A 2005 ya yarda ya biya dala miliyan 15.6, a 2006 ya ƙara miliyan 14.9.

Sai dai kotu bayan ɓarna take zuwa. Shi ya sa a watan Mayun 2022 masu gwajin wasanni na Raven Software, cikin masu aikin Call of Duty, suka kaɗa ƙuri'a, 19 suka amince 3 suka ƙi, suka kafa sandika. Bayan shekara uku ana ja-in-ja, a 2025 suka samu yarjejeniya: ƙarin albashi na kashi 10 cikin ɗari a shekara biyu, kuma ba a tilasta musu ƙarin lokaci sai an sanar da su kwana bakwai kafin nan.

Wani zai ce sandika ba ta hana kora, kuma yana da gaskiya. Microsoft ya sayi uwar kamfaninsu, Activision Blizzard, a 2023 kan kusan dala biliyan 69, amma a Janairun 2024 ya sallami mutum 1,900 daga sashen wasanni. To amma wanda ke da takarda a hannu da ƴan uwa a baya ba ɗaya yake da wanda ke tsaye shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma kada mu yi tuya mu manta da albasa. In kuɗin fito ya yi yawa a kan iyaka, ƙungiyarmu muke rugawa. To yaron shago da ke buɗewa tun asuba, da ɗan dako da ke sauke buhuna har dare, ranar da suka haɗa kai suka zo da kukansu, mu saurare su kamar yadda muke so hukuma ta saurare mu.