Lambar barkwanci ba ta ƙarfafa gwiwar ma'aikaci

Wata al'ada ta samu gindin zama a ofisoshinmu, tun daga bankuna har makarantun kuɗi da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Da shekara ta zo ƙarshe sai a shirya walima, a buga takardun yabo a shagon kwamfuta, a riƙa kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya: wannan Sarkin Makara, wancan Gwanin Gyangyaɗi a Taro, waccan Sarauniyar Surutu. A yi tafi, a ɗauki hoto. Masu horar da manajoji sun ce wai hanya ce mai arha ta ƙarfafa gwiwar ma'aikata. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin ɓarnarta ta fi gyaranta.

Mu duba wanda aka naɗa Sarkin Makara. In a Abuja ne, ba a Maitama ko Asokoro yake kwana ba. Daga Mararaba ko Masaka yake tasowa da an sallame asuba, ya tsaya bakin titi ana kokawar shiga mota, sannan ya faɗa cunkoson Nyanya. Litar man da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, alhali a shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Kuɗin haya da kuɗin mota ne suka sa shi makara. Shi ne za a tsayar gaban abokan aiki a miƙa masa takarda ana shewa. Ya yi yaƙe don ba shi da yadda zai yi, ya ninke ta ya cusa a aljihu, ba zai kuwa kai ta gida 'ya'yansa su gani ba.

Za a ce ai mu mutanen raha ne. Haka ne, amma wasan Bahaushe yana da ƙa'ida. Taubasai suna wasa, Fulani da Barebari suna tsokanar juna, haka Kanawa da Zagezagi, haka jika da kaka. Abin da ya sa ba a jin zafi shi ne duk wanda aka taɓa yana da bakin ramawa. Shin masinja ya isa ya miƙe a walimar ya naɗa manaja Sarkin Jinkirta Albashi? Wasan da ke gangarowa daga sama kaɗai, ba a isa a mayar da shi ba, muzantawa ne ko da an yi shi da dariya. Ga mace abin ya fi ciwo, domin hoton matar aure riƙe da takardar Sarauniyar Surutu zai yi yawo a WhatsApp har ya kai ga dangin miji.

Tun 1959 masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya wallafa sakamakon hirar da aka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Ya gano cewa matsalar albashi da yanayin wurin aiki da halin shugabanni su ke sa ma'aikaci ƙorafi, yabo kuwa yana zaburar da shi ne idan an yi shi a kan aikin da ya kammala. Masu tallata lambobin barkwanci sun ɗauki kalmar yabo sun jefar da sharaɗinta.

In har arha ake nema, ga ta nan. Shugaba ya miƙe a taro ya ce Malama wance ce ta gano kuskuren lissafin da ya kusa jawo mana asara, a rubuta hakan a sa a fayil ɗinta don ranar ƙarin girma. A biya albashi kan kari. Wanda ya shekara biyar yana aikin wucin gadi a ba shi takardar dindindin. Mai tasowa daga Mararaba kuma a zauna da shi a keɓe a ji damuwarsa, a sassauta masa lokacin shigowa, ya cike da yamma.