A ɗauki muryar malami kafin ya tashi

Malamin lafiya ko malamin gona yakan zo gari, ya yi bayani mai kyau a gindin bishiya, ya hau babur ya tafi. Bayan kwana uku, tambayi mutum biyar abin da ya faɗa, za ka ji magana biyar. A ganina, ya kamata a riƙa ɗaukar muryarsa a salula, a bar ta a garin.

Ku dubi maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake ba yara masu wata 3 zuwa wata 59 kowace damina. Sau ɗaya ake bayarwa a wata, amma shansa kwana uku ne. Na ranar farko ma'aikaci ne yake bayarwa. Na rana ta biyu da ta uku kuwa, uwa ce za ta ba yaron a gida, ita kaɗai. In ta manta, rigakafin bai cika ba. Sau da yawa ma ba ta je taron ba, tana wurin daka ko rijiya, mijinta ya kawo mata rabin magana. Da muryar ma'aikacin tana cikin gidan, sai ta saurara da kunnenta, ta sake saurara.

Manomin albasa a Galmi, ko mai noman rani a fadamar Ƙonni, shi ma haka ne. Rubutun jikin kwalbar maganin ƙwari da Faransanci yake ko Ingilishi. Ma'aunin da aka faɗa masa da baki, in ya ɓace, sai ya yi kirdado.

Dabarar ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Mutanen gari sukan saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryarsu da rakoda, a aika Yamai. A wancan zamani rakodar ce mai wuyar samu. Yanzu tana cikin aljihun samari.

Sai dai akwai sharaɗi. Murya tana yawo fiye da mai ita, daga Malbaza har Illela, kuma masu tallar maganin ƙarya su ma suna aika tasu. Don haka malami ya fara da faɗin sunansa, da wurin aikinsa, da kwanan wata. Ya ɗauki magana guda tak, kada ya wuce minti uku. Kada a ɗauki muryar marar lafiya sai da yardarsa. Kuma salula ba ta duba yaro: wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi likita.

Ku malaman karatun manya, ku rubuta wannan bayani a allo, kalma bayan kalma. Ɗalibai su saurara suna bin rubutun da yatsa, sa'an nan kowa ya kwafa a littafinsa, ya tafi da shi gida.