Ɗarin Zango Ba Ɗarin Kano Ba Ce

Makon jiya na tarar da ɗan ƙanena a gidansu da ke unguwar Huweyiho a Kwatano ya duƙufa kan waya yana hadda. Jerin kalmomi ne, Turanci a hagu, Sifaniyanci a dama. Wai shiri yake yi, in Allah ya kai shi Madrid kada a sayar da shi yana tsaye. Na ce, "Yaro, ya suke cewa ƙofar fita?" Bai ko duba ba ya ce, "Baba, ai éxito ne." To, éxito nasara ce, ƙofar fita salida. Kamar da ta yi da "exit" ce ta ruɗe shi, alhali kama da wane ba ta wane. Gara ma wannan. Wanda ya ji kunya ya ce embarazada, yana zaton "embarrassed" ya faɗa, ya sanar wa jama'a yana da juna biyu ke nan.

Ba sai an haye teku ba ma. Bakano ya tsallako iyakar Seme, ya shiga Zangon Kwatano, ya taya kaya wurin Bamaraɗe, aka ce masa ɗari. Ya miƙa sefa 100, aka bi shi da kallo. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga kuɗi, dala kuwa sefa 5 ce, don haka ɗarinsu 500 ce, jika 1,000. Hausa ce da Hausa, amma sai da tafinta. A kasuwar Dantokpa mai talla za ta ce ba ta da monnaie, ɗan Najeriya ya ɗauka kuɗi ne babu, ita kuwa canji take nufi.

Ban raina waya ba. Google ya saka Hausa cikin fassararsa a 2013, ya ƙara harshen Fon a 2024, ni ma nakan leƙa in an kawo mini takardar duwan. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da yaron ya bi. Da Faransanci ya yi lakwal tun ajin farko, Turancinsa kuwa na finafinai ne. Faransanci da Sifaniyanci uwa ɗaya suka sha, wato Latin. Douane ita ce aduana, librairie ita ce librería, duka biyun kantin sayar da littattafai, ba ɗakin karatu ba kamar yadda "library" za ta sa mutum ya zata. Har Larabcin makarantar allo yana da rana, domin Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492: sukarinmu shi ne azúcar, zaitun aceituna. Yana da gada a ƙofar gida, ya tafi neman kwalekwale.

Samarin Kwatano masu wannan hadda, ku sauya jerin ya koma daga Faransanci. Kowace kalma kuma ku nemi jin ta cikin jimla, daga bakin mai harshen, kafin ku furta ta a gaban mutane.